Rufin Motar Injiniya

Asabar, 6 ga Satumba, 2025

Munzali ya fasa rufin motar.

Na rubuta, na sake karantawa. Da safe ya zo, wai Anti Laila a ara masa motar Yaya ya kwaso gero daga gonar Fagam kafin ruwa ya sauko. Ƙanin mijina ne, geron kuma na gidan nan ne, me zan ce? Na miƙa masa makulli, na ce bayan motar kaɗai fa, Munzali. Ya ce ya ji. Ashe da baya ya cika, sai 'yan aikin suka yi mata yadda ake yi wa kowace a-kori-kura: suka ɗora sauran damin a kan rufi, suka ɗaure da igiya, biyu daga cikinsu suka haye suka zauna. A kan gilashi! Wai sun gan shi baƙi, sun ɗauka ƙarfe ne. Ramin farko da suka faɗa, sai ji suka yi ƙas.

Gilashi ne guda tun daga kan direba har kujerar baya. Yanzu tsakiyarsa ya lotsa, sauran duk ya tsattsage, ga zangarniya a kan kujeru. Ba wanda ya yanke, alhamdu lillahi. Munzali ya tsaya tsuru-tsuru yana "Anti ki yi haƙuri." Na shige ɗaki don kar bakina ya jawo mini abin da zan yi nadama.

Lahadi, 7 ga Satumba

Ban faɗa wa mijina Injiniya ba tukuna.

Bara da ya sayo ta, duk Gwaram dariya ake yi masa. Mota ba mai, ba ƙara, ana jona ta da solar gida kamar waya. Shi ko a jikinsa. Da ita yake zagaya fadamu yana kafa wa masu noman rani famfon sola, da ita ya koya mini tuƙi yana tsokanata wai malamar makaranta ta kasa bambance birki da totur.

Bayan ƙaramar salla ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi. Litinin da Alhamis nake kai shi gashi asibiti a Birnin Kudu. Muna fita da an idar da asuba, Munzali ya ɗauko shi, in kwantar masa da kujerar gefena, ya yi ta kallon sama ta gilashin nan har mu isa. A gida ko uffan. A motar nan kuwa ya fara cewa "sannu". A nan ya ce "a hankali" ranar da na faɗa rami. Malama Edith, likitar gashin, ta ce duk abin da yake buɗe masa baki in riƙe shi da hannu biyu. Sama ce take buɗe masa baki, na san haka.

Ni kuwa, tunda ba mai karanta wannan: ba na iya kallon bakin nan da ya karkace. In ina ba shi koko, cokali nake kallo. Shi ma da na juyo sai ya kau da kai. Haka muke.

Litinin, 8 ga Satumba

Mun cire abin da ya ciru, mun ɗaura tamfol. Ya kwanta, ya ɗaga ido, ya ga shuɗin tamfol. Ya daɗe yana kallo, sannan ya rufe ido. Bai buɗe ba har Birnin Kudu. Na ce Munzali ne, tsautsayi ne, za a gyara. A asibiti Malama Edith ta sa masa ƙwallon matsawa a hannu, ya bar shi ya gangara ƙasa.

Laraba, 10 ga Satumba

Inna Barira, mahaifiyarsu, ta kira ni ɗakinta, Munzali na rakuɓe a bakin ƙofa. Wai akwai mai walda a bakin kasuwa, ya ce kafin la'asar zai lafta mata falle na ƙarfe, ko shanu aka ɗora ba abin da zai same shi. "Ke Lailatu, rufi ai rufi ne. Wa ya taɓa ganin mota da taga a ka?"

Na ce Inna, ba ruwan sama nake son tarewa ba. Ta ce to me? Na ce saman yake kallo. Ta ce ita ta haife shi, ba ta san shi da kallon sama ba, mutumin da kullum kansa na cikin rijiya da waya. Raina ya ɓaci. Na ce muddin ina numfashi mai walda ba zai taɓa motar nan ba. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai yau. Da yamma na kai mata fura, ta karɓa ba ta dube ni ba.

Alhamis, 11 ga Satumba

Yau ma ido rufe, baki rufe.

Bayan gashi na bar shi da Munzali na nemi wani Simon, mai sa gilashin mota a hanyar fita gari. Ya hau taya ya leƙa, ya yi fito. Ya ce, "Hajiya, gaskiya ban taɓa sa irin wannan ba, amma gam ɗin da na gilashin gaba duk ɗaya ne. Samo shi ne aikin." Sai daga Legas, a sauke a Kano, a ƙaraso da shi nan. Yaushe? Ya ɗaga kafaɗa. Na ce a kirawo masu sayar da shi yanzu, a gabana. Ya yi dariya, ya ga ba dariya nake ba, ya kira.

Litinin, 15 ga Satumba

Ya ƙi shiga motar. Munzali ya zo ɗaukarsa, ya damƙe ƙarfen gado da hannun hagu. Ban san yana da sauran ƙarfi haka ba. Na roƙe shi, na yi faɗa, na sake roƙo. Ya juya wa bango fuska.

Laraba, 17 ga Satumba

Cokali biyu, ya rufe baki. Ya Allah.

Juma'a, 19 ga Satumba

Na ce to, in sama ce, ai ba a mota kaɗai take ba. Da sassafe na sa aka shimfiɗa masa katifa a tsakar gida. Gari garau, har shamuwa na wucewa. Na tsaya a kansa ina cewa Injiniya duba, duba mana. Ya ja mayafi da hannun hagu ya rufe fuska.

Ni Lailatu, me kuma zan yi? Na shiga kicin na ci kuka na ƙoshi, Inna tana ji. Daga baya na ga ta wanke mini tukwane.

Litinin, 22 ga Satumba

Da ƙyar da lallashin Inna ya yarda ya shiga motar. Ba hadari, sai na kwance tamfol ɗin gaba ɗaya, muka tafi rufi a buɗe. Ga sama nan, ba abin da ya tare ta, har da sauran taurari. Ya ɗaga ido sau ɗaya kamar mai neman wani abu, ya rufe. Wataƙila iska ce ta yi masa yawa. Wataƙila ta gilashin ta fi masa kyau, tunda yana da duhu-duhu. Oho. Ban sani ba, wallahi ban sani ba.

Malama Edith ta ja ni gefe. Ta ce hannun ya fara sandarewa, kuma harshe in ya kwanta a wannan tsakanin, tayar da shi wuya ne. Ta ce, "Ba ciwon ne yake ba ni tsoro ba yanzu, ya daina so ne."

Alhamis, 25 ga Satumba

Gilashi ya iso. A fashe.

Simon ya buɗe kwalin a gabana a tasha, sai garin gilashi ya zubo. 'Yan lodi a Kano sun ga abu mai faɗi, suka kwantar da shi a ƙasan mota suka jera masa buhunan siminti. An rubuta a jiki kar a kwantar, wa ya karanta? Kai, mutanenmu! Duk abin da yake shimfiɗe, wurin ɗora kaya ne. Na fashe da dariya a tsakiyar tasha, 'yan kamasho suna kallona, dariyar ta juye ta zama wani abu daban. Simon ya rasa inda zai sa kansa, sai cewa yake "Hajiya ki zauna, Hajiya ki sha ruwa."

Asabar, 27 ga Satumba

Na kusa cewa a kira mai walda. Me ya rage? Na ɗauki waya na ajiye.

Ya rame. Zobensa na azurfa ya zame daga yatsa, na tsince shi a cikin zanin gado.

Talata, 30 ga Satumba

Simon ya kira. Akwai irin motar a Kano da ta yi hatsari, gabanta ya tashi aiki amma rufin lafiya lau, za su ciro mana. Na ce ni zan je. Munzali, wanda tun ranar nan ba ya haɗa ido da ni, ya ce, "Anti, ni na fasa, ni zan ɗauko."

Juma'a, 3 ga Oktoba

Ya kawo shi. A tsaye, tsakanin katifu biyu, ɗaya ta Inna ce, ita da kanta ta ce a cire daga gadonta. Direban motar da ta kawo su ya ce tun daga Kano Munzali bai zauna ba, yana bayan mota ya rungume abin, ya kusa dambe da wani da ya zo jingina buhun albasa. Ya sauko ƙafafunsa sun kumbura. Na ce sannu, Munzali. Ya sunkuyar da kai, ya goge ido da hula.

Asabar, 4 ga Oktoba

Wuni guda a garejin Simon. Ya yanke tsohon gam da siririyar waya, ya kankare, ya goge, ya sake gogewa. Na dame shi da tambaya har ya ce in na ƙara magana zai ba ni wuƙar in yi da kaina. Ya zagaye bakin da sabon gam baƙi, su huɗu suka ɗaga gilashin. Ya ce sau ɗaya ake ajiye shi, in ya zauna a karkace shi ke nan. Na rufe ido ina salati. Ya zauna.

Sai ya kwana gam ya kama. Gobe in Simon ya taso daga coci, da yamma, za a gwada da ruwa.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Ban san ta inda zan fara ba.

Simon bai iso ba sai dab da magariba. Ya ce haka ake gwadawa: shi zai hau sama da tiyo yana zuba ruwa, wani ya kwanta a ciki yana bin gefe-gefe da ido ko zai ga ɗigo. "Ke za ki kwanta, Hajiya. Kar gobe ki ce ban duba da kyau ba." Na kwantar da kujerar Injiniya na kwanta a wurinsa. Ban taɓa ba. Munzali ya shiga wurin direba ya kunna motar don a ɗaga tagogi, allon gaba ya kawo haske.

Na ɗaga ido ina neman ɗigo. Saman da ƙyar ake ganinta, gilashin ya yi duhu. Fuskar Munzali na gani. Ɓaro-ɓaro, hasken allo ya haske ta, har ƙiftawar idonsa. Shi bai san ina ganinsa ba, gabansa yake kallo.

Da asuba muke fita. Allon nan a kunne. Ni ce a kujerar direba.

Simon yana ta kira daga sama, "Hajiya, yana zuba? Hajiya?" Na ce ba ya zuba. Ya sauko ya ga fuskata jiƙe, ya sake hawa ya duba gam ɗin da kyau, bawan Allah.

Duk watannin nan. Ina tuƙi ina ɓata fuska, ina tsaki a kan ramuka, ranar nan har kuka na yi a hanya ina cewa ai sama yake kallo.

Litinin, 6 ga Oktoba

Munzali ya kawo motar har ƙofar ɗaki ya ce Yaya duba. Ya duba. Bai riƙe gado ba.

Mun fita gari bai waye ba. Na ji shi yana gyara kai a kan kujera. Muka bar Gwaram. Wajen wata gada shanu suka tare hanya, na tsaya. Na ɗaga kai na kalli gilashin.

Bai kau da ido ba. Ni ma. Bakin yana nan a karkace yadda yake, ba wani abu ba ne, baki ne. Muka tsaya haka har shanun suka wuce, mai babur a bayanmu ya yi ta hon. Da na ja motar ya yi wani sauti, ya sake yi, a na uku ya fito: "A hankali." Na ce ai kai ka koya mini, in ban iya ba laifin malami ne. Kafaɗarsa ta hagu ta girgiza.

Ya matsa ƙwallon Malama Edith. Kaɗan. Da muka dawo ya sha koko rabin kofi, kuma ban zubar masa a riga ba, tunda na ga inda cokalin yake zuwa.

Inna ta tare ni a tsakar gida wai yau kuma kwalli aka sa da asubar fari? Na ce ido ne yake mini ƙaiƙayi.

Alhamis ma da wuri za mu fita, kafin gari ya yi haske.