Agogon Girki a Gonar Dawa

Yaya Balki,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da maigidan da yara. Ya Fatakwal, ya ƙafar taki? Mu nan Damari sai godiya.

Agogon girkin da na nace ki sayo mini, marar batir, ya kusa kashe mu. Ranar Talata da hantsi na ɗora kek, na murɗa agogon minti ashirin, na ƙulle a bakin zane. Sai ga ƙarar baburan ƴan bindiga. Na ja Inna muka faɗa gonar dawa muka kwanta. Nan na ji shi yana ƙas-ƙas a ƙuguna.

Yaya, abin nan ba shi da wurin kashewa. In ya koma sifiri, ƙararrawa zai buga, ga su a bakin hanya muna jin muryoyinsu. Haka na riƙa ƙara masa minti har la'asar.

Sun wuce, ba su shiga gidanmu ba. Amma har yau in ya buga, Inna kwanciya take yi a ƙasa.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida Baban Amira. Ki kuma tambayar mini mai shagon yadda ake sa shi ya yi shiru.

Ƙanwarki,
Saude