Ɗan da ke wanke ni shi ne ke marina

Malama, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa. Da hannun hagu nake latsa wayar nan, ki yi haƙuri da rubutun.

Ni direban babbar mota ne a da. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikina ya shanye, bakina ya karkace, maganata sai an kasa kunne sosai. Matata ta rasu tun kafin ciwon. 'Yata ɗaya ce, tana aure nesa. Ɗan ƙanena ne ya dawo gidan yana jinyata. Ni na riƙe shi tun yana ƙarami, ni na koya masa tuƙi.

Da farko wallahi sai godiya. Shi ke ɗaga ni, ya kai ni banɗaki, ya wanke ni, ya gyara min gemu. Sannu a hankali ya canza. In cokali ya suɓuce min na ɓata riga, sai ya ɗauke kwanon, ya ce na ƙoshi ke nan. Ranar da fitsari ya kufce min a katifa ya mare ni. Ni, da furfurata. Ya dawo yana kuka, na yafe. Ba a jima ba ya sake. Yanzu ko haƙuri ba ya ba ni. In zai fita sai ya ɗora sandata a saman kabad, ya kulle ƙofa ta waje.

Abokan tuƙina da ke leƙo ni, ya yi ta ce musu ina barci har suka ɗauke ƙafa. In 'yata ta kira, yana tsaye a kaina. Sau ɗaya na daure na gaya wa maƙwabcinmu mai shago. Bai gane rabin maganata ba. Yaron ya yi murmushi ya ce ciwon ya taɓa min ƙwaƙwalwa, maƙwabcin ya sa masa albarka ya tafi.

In na tona shi ya yi fushi ya tafi, wa zai ɗaga ni? Wani lokaci ina kwance ina roƙon Allah Ya ɗauke ni, in huta, shi ma ya huta.

Tsohon direba

Baba, sannu. Allah Ya ba ka lafiya. Na karanta, kuma na yarda da kai.

Ba kai ka jawo wa kanka ba. Abin da ya bar ka a hannun yaron nan shi ne rayuwarka duka ta rataya a wuyan mutum ɗaya, ƙofa a kulle, kuma an riga an zubar da darajar maganarka a idon mutane. Duk wanda ya samu kansa haka, cutar da shi ba ta da wuya. Jinya tana gajiyar da mutum, musamman saurayi shi kaɗai ba mai karɓarsa, na san haka. Amma gajiya ba ta halatta mari, ko hana abinci, ko kulle ka.

Hannun da ya rubuto min, shi zai rubuta wa 'yarka. Ka tura mata wannan labarin yau, da hoton duk wani tabo, sannan ka goge daga wayar. Ka ce kada ta kira yaron, ta zo ba sanarwa tare da mijinta ko ƙanenka. Ka tura wa abokin tuƙinka ɗaya wanda ka fi yarda da shi. In an kai ka asibiti, ka nuna wa ma'aikaciyar jinya rubutun, har da maganar fatan mutuwar nan, don ita ma ana maganinta. In yaron ya sake ɗaga hannu kafin su iso, ka rubuta wa abokin ya sanar da hukuma.

Idan sun zo, a raba jinyar, a bar mabuɗi a hannun mutum biyu, yaron kuma ya matsa ya huta. Kada ka ji nauyin 'yarka. Gara ta ji daga gare ka yanzu.

Allah Ya kawo maka sauƙi, Baba, Ya haɗa ka da masu tausayinka.