Bakin da ya tausaya wa tsakuwa

Zuwa ga Sa'adiyya, sanyin idona, ruwan randata a tsakar bazara, wadda na ɗanɗani jininta ban sani ba.

Daga gadon asibiti a Azare nake rubuto miki, domin likita ya ɗaure mini muƙamuƙi da waya, ko sunanki ba ya fita. Sandar yayanki Gali ce ta karya shi, ina farfaɗowa ya sauke mini ita. Ki faɗa masa ban riƙe shi a zuciya ba. Da ni ne shi, wallahi da na ƙara.

Kin tuna ranar da na zo Gololo gidan Goggonki, kika yi mini dafa-duka? Na tauna tsakuwa, ƙas, bakina ya buɗe da kansa tun ban san me ya faru ba. Kika yi ta dariya kina zagin mai tsintar shinkafar, alhali ke kika tsince ta. Na rubuta wa likitan nan tambaya a kan haka. Ya ce a gindin kowane haƙori akwai jijiyoyi masu gadi. Da sun ji abu mai tauri sai su aika saƙo can ƙasan ƙwaƙwalwa, naman da ke rufe baki ya saki nan take, tunani bai ma farka ba.

To ina masu gadin nan suke ranar Laraba? Ina suke sa'ad da farfaɗiya ta maka ni da ƙasa a ƙofar gidanku, ciwon da na ɓoye miki shekara biyu don tsoron rasa ki? Mata na ihu a kawo cokali kada in haɗiye harshe, ke kuwa ba ki jira cokali ba, kika tura yatsanki. Na datse shi har ƙashi. An ce da muciya aka ɓamɓare bakina, jini ya rina mayafinki, kina kuka kina roƙon a bi ni a hankali. Ni, Sa'adiyya, ni za a bi a hankali?

Likita ya ce idan ciwon ya taso, ƙwaƙwalwa ce ke ta tsawa a damƙe, har muryar masu gadin ta ɓace. Wannan bai sanyaya mini rai ba. Bakin da ya tausaya wa tsakuwa bai tausaya miki ba! Na tsani haƙoran nan, ji nake kamar in sa guduma in zubar da su ɗaya bayan ɗaya. Amma ba su suka cuce ki ba, shiruna ne, kuma shi ne nake neman gafararsa.

Na ji Malam mahaifinki ya ce a mayar da kayan sa rana, sai dai in ke kika hana kafin Juma'a. Ba ni da bakin roƙo, ga takarda dai. Na fara shan magani, ba zan ƙara tsallake ko ƙwaya ɗaya ba, ba zan ƙara ɓoye miki ko ciwon kai ba.

In kin ƙi ni, kin yi daidai, kuma ba zan so wata ba. In kin karɓe ni, sharaɗina ɗaya ne. Likita ya ce ba mai haɗiye harshensa, don haka ranar da na sake faɗuwa, ki ɓoye hannunki. Ki juya ni gefe, ki sa zaninki ƙarƙashin kaina, ki jira. Wurinki zan dawo.

Naki har ranar da za a ɗaure mini haɓa ɗaurin ƙarshe,
Najmuddeen