Jakar Milunka da Bidiyon da Ke Sandarewa

Goggo Zorka, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Saura kwana tara a buɗe baje kolin da muka yi wata biyar muna yi wa aiki, kuma ni da mijina kaɗai muka san dalilin abin kunyar da zai faru a ranar. Na san shafinki ba na gyaran kwamfuta ba ne. Ai gyaran ma ba shi ya gagare ni ba, na gano ciwon, na san maganinsa. Bakin faɗa ne ba ni da shi. Na canza sunayen mutane, duk da na san a garin Pirot wannan ba ya ɓoye kowa.

Mu uku ne a wurin aikinmu: ni, da mijina Tihomir, da mai wurin, Dobrivoje. Muna haɗa irin allunan nan da ake kafawa a gidajen tarihi, mutum ya taɓa da yatsa, hoto ya motsa, bidiyo ya fito. Tihomir ke ɗaukar bidiyon ya tace, ni da Dobrivoje muke rubuta umarnin da ke tafiyar da na'urar. To, Dobrivoje ba maigidana ne a wurin aiki kawai ba, kum ɗinmu ne, wato uban aurenmu. Shi ya tsaya mana a coci ranar aurenmu, shi ya raɗa wa 'yarmu suna, ubansa ne ya tsaya wa iyayen Tihomir, kakansa ya tsaya wa kakannin Tihomir. Kin fi ni sanin nauyin wannan. A gidan surukaina ko tari kum ya yi sai an ce gaskiya ya faɗa.

Aikin na wani ƙaramin gidan tarihi ne, a kan dardumanmu na saƙar hannu. Darduma za ta cika allo, ka taɓa wani ado a jikinta, kamar wanda ake kira kunkuru, sai tsohuwar masaƙiya ta fito ta gaya maka ma'anarsa da wanda ya koya mata. Tsofaffi goma sha huɗu muka ɗauka. Babbarsu baba Stanija, shekararta casa'in da ɗaya, jikokinta za su kawo ta daga ƙauye a ranar, har sabon ɗankwali an saya mata.

Matsalar ita ce bidiyon yana sandarewa. Yana cikin tafiya sumul sai hoto ya tsaya cak, murya ta ƙara 'yan kalmomi ita ma ta ɗauke. Makon jiya ya sandare da baba Stanija baki a buɗe, ido ɗaya a rufe, a gaban shugabar gidan tarihin. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tun ranar farko kum ya yanke hukunci, wai bidiyon Tihomir ne ba su da kyau. Sau shida bawan Allah ya sake fitar da su. Ya rage nauyinsu, ya canza musu tsari, ya raba sauti da hoto ya sake haɗawa. Mun canza waya, mun canza allo, mun aro wata kwamfutar. Duk a banza.

Ni kuwa na gaji da kame-kame, sai na zo da wake daga gida na zauna gaban allon da kofi babu komai a ciki. Duk bidiyon da ya tashi in jefa ƙwaya ɗaya. Goggo, goma sha ɗaya. Ko wane bidiyo, ko wace tsohuwa, ko a wane jeri, na goma sha ɗaya ne ke sandarewa. Sau takwas na gwada. Daga nan bin sawun bai yi wuya ba. Sashen da ke kunna bidiyo yana ɗauko kowanne ya ɗora a ƙwaƙwalwar na'ura, amma in an gama kallo ba ya sauke shi. Kamar mai tara kwanuka ne a wurin wanke-wanke ba ta wankewa, har wuri ya cika. A da bidiyo ƙanana ne, sai a wuni ba a cika ba. Na yanzu manya ne.

Sai na yi miki bayanin yadda kum ke ajiye kayan aikinsa kafin ki gane inda na maƙale. Muna da abin da muke kira taska, wato tarin rubutun umarni da aka riga aka yi, wanda kowane sabon aiki ke ɗiba daga ciki. Masu hankali taska ɗaya suke ajiyewa a wuri ɗaya, in an gyara an gyara wa kowa. Kum kuwa duk sabon aiki sai ya kwafi taskar gaba ɗaya ya zuba a ciki, ya ɗan taɓa nan ya taɓa can. Yau kwafi ashirin da uku muke da su, babu biyu da suka yi daidai. Akwai “sabuwa”, akwai “sabuwa ta gaske”, akwai “ta bayan Ista”, akwai wadda sunanta kawai “kar a goge”. Shekara bakwai ina roƙon a haɗe su, yana ce mini sai aiki ya lafa. A cikin duk wannan hargitsin jaka ɗaya ce ba ta taɓa canzawa ba ko da harafi ɗaya, kuma a cikinta sashen kunna bidiyon yake. Sunan jakar Milunka.

Milunka matarsa ce. Tare suka kafa wurin, ita ta rubuta wannan sashen shekara goma sha huɗu da suka wuce, ta rasu shekara tara ke nan. Ita ta ɗaura mini lulluɓin aure da hannunta. A saman rubutun ta bar 'yar wasiƙa irin wadda muke bar wa juna a cikin aiki, wadda na'ura ba ta karantawa. Cewa ta yi: “Wannan na wucin gadi ne, zan dawo in sa shi ya riƙa share bayansa. Kada ka taɓa, Dobri, ɓatawa za ka yi.” Da na karanta sai da na fita waje na yi kuka. Ba ta dawo ba, shi kuma bai taɓa ba.

Na yi ƙoƙari sau ɗaya. Muna shan kofin safe na ce, “Kum, ko mu ɗan leƙa jakar Milunka?” Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, “'Yata, jakar nan tana aiki tun mijinki bai iya riƙe kyamara a miƙe ba. Sha kofinki kada ya huce.” Washegari ya kawo mini kwalbar gasasshen tattasai da ya haɗa da kansa yadda Milunka ke yi. To ki gaya mini, da wane baki zan sake tayar da maganar?

Na gaya wa Tihomir komai, na nuna masa waken. Sai ya ce, “Ki bar laifin a kaina, kan nawa babba ne, zai ɗauka. Ba a gidanmu za a fara ƙaryata kum ba.” Amma ina ganin yadda abin ke cin sa. Shugabar gidan tarihin ta daina kallonsa in tana magana. Abokansa a gidan shan kofi sun samu abin yi, da ya shigo sai su ce, “Tika, zo ka ɗauke mu, amma don Allah ka bari mu rufe baki tukuna!” Yana dariya tare da su, ya dawo gida ya ƙi cin abinci. Ni kuwa haushinsa nake ji, ina jin tausayinsa, duk a lokaci ɗaya.

Layi shida ne gyaran, cikin minti goma zan gama. A ɓoye ba zai yiwu ba, domin duk abin da aka canza kum sai ya buga shi a takarda ya bi da jan fensiri kowace safiya. Kin san har ina tunanina ya kai? Na auna bayan akwatin da allon ke ciki. Zan iya tsayawa a wurin ranar buki da wake a aljihu, in na ƙirga goma in kashe na'urar in sake kunnawa. Ni, da digirina, da 'yata a cikin 'yan kallo. Kuma washegari wa zai tsaya?

Barin aikin ma ba hanya ba ce, ba a ajiye wa kum takarda. In na yi magana na taɓa masa abin da ya rage masa na matarsa. In na yi shiru mijina ya ci gaba da ɗaukar laifin da ba nasa ba, baba Stanija kuma ta ga kanta baki a buɗe a gaban gari. Ina zan sa kaina?

Mai ƙirga wake, Pirot

*

'Yata mai ƙirga wake,

Na tsallake wasiƙu huɗu na sa taki a gaba saboda kwanakinki sun ƙure. Fara da fitowa daga bayan akwatin nan. Ba wurinki ba ne, kuma ranar da kika yi mura asiri zai tonu. Gyaran ɓoye ma ki cire shi a ranki, ko da babu jan fensiri. Mutum ya tarar an shiga ɗakin matarsa ba sallama ya fi ciwo a kan a ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Ban san aikinku ba sai abin da kika bayyana, amma na san mutane. Kum ɗinki ya daɗe a wannan sana'a. Kina tsammanin mutumin da ke bin kowane layi da fensiri bai taɓa lura cewa abin yana tsayawa a lamba ɗaya ba? Ni ina zargin ya sani, ko kuma yana kusa da sani yana kau da kai. Kwalbar tattasan nan ba amsa ba ce, roƙo ne. Kin ɗauka ke kaɗai ce a ɗaure, alhali ya riga ki shiga da shekara tara. Matarsa ta ce kada ya taɓa, kuma babu sauran damar da za ta ce masa to yanzu taɓa. Ki tausaya masa, ba taurin kai ne kawai ba.

Amma tausayi bai wanke shi ba. Ya ɗora wa Tihomir laifi sau shida, a gaban mutane, wannan zalunci ne ko da kum ne ya yi. Girmama kum wajibi ne, ni ma a kansa na tashi, sai dai nauyin nan biyu ne, shi ma ya yi alkawari a coci zai tsare mutuncin gidanku. Mijinki kuwa mutumin kirki ne, amma ki gaya masa kan nasa ba shi kaɗai ke amfani da shi ba, akwai ke, akwai 'yarku.

Kada ki yi maganar a wurin aiki, kada kuma ki yi ta a gaban Tihomir, domin namiji ba ya son a ga lokacin da ya sauko. Ki je gidansa gobe da rana kamar yadda ake zuwa gidan kum, da ɗan abu a hannu. Ki tafi da kwamfutarki da kofin wake. Kada ki yi masa wa'azi, ki miƙa masa waken ya jefa da hannunsa. In na goma sha ɗaya ya tsaya, ki buɗe wasiƙar Milunka ki bar shi ya karanta. Ita da kanta ta san aikin bai ƙare ba, ta ma faɗi abin da ya rage. Ba kuskurenta kika kamo ba, aikin da ta bari a hannu kika tarar. Sai ki nemi izininsa ki ƙarasa mata. Ki ce hannunki ne zai rubuta, shi ya zauna kusa da ke da fensirinsa, ta haka bai saɓa mata ba. Kada ki goge layi ɗaya na wasiƙarta, kada ki canza wa jakar suna. Ki rubuta taki a ƙarƙashin tata, da kwanan wata.

Maganar kwafi ashirin da uku kuwa, ki haɗiye ta har a gama buki. Kina da gaskiya, taska ɗaya a wuri ɗaya ita ce daidai, amma ba a tiƙa wa mutum kaya biyu a rana ɗaya. Bayan buki ki kawo ta a hankali: a tara tsofaffin a ma'ajiya ba tare da an goge komai ba, a fitar da guda ɗaya da kowane aiki zai riƙa ɗiba. In kin ce a sa mata suna Milunka, ina jin ba za ki sha gardama ba.

Zai iya ɗaure fuska, zai iya kwana biyu ba ya yi miki magana. Ki jure, kada ki ja da baya. In ya ƙi gaba ɗaya, ki gaya masa cikin ladabi cewa ba za ki ƙara yin shiru ba in an zargi Tihomir a gabanki. Wannan haƙƙinki ne. In kuma ya yarda, kada ki matsa masa ya ba mijinki haƙuri da baki. Irinsu ba sa iyawa. Wata safiya za ki ga ya ajiye kwalbar tattasai a teburin Tihomir, ku karɓa, ita ce.

Ki tuna, 'yata, matar nan ta ce za ta dawo, rai bai ba ta dama ba. Ke ta ɗaura wa lulluɓi, ke kika iya karanta rubutunta. In ba ke ba, wa zai dawo mata?

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya wa kum ɗinki, ya kai baba Stanija ranar lafiya ta ga kanta ta yi magana har ƙarshe. Waken kuma ki dafa wa Tihomir, ya kwana biyu bai ci abin kirki ba.

Goggonki, Zorka