Akwatin da Baba ya ce "na karɓa"

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a taimaka a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwana huɗu ke nan ina yawo da wata magana a ƙirjina, na kasa haɗiye ta na kasa furta ta.

Mahaifina tsohon direban babbar mota ne, tsakanin Kano da Dutse. A zamaninsu babu waya, babu wata takarda. Kaya in sun taso daga nesa hannu-hannu suke bi, direban Kudu ya sauke a Kaduna, na Kaduna ya kawo Kano, a nan a miƙa wa su Baba. Mai bayarwa ya faɗi sunan mai kaya da garinsa da baki, mai karɓa ya ɗora hannu a kai ya ce "na karɓa". Daga wannan kalmar nauyi ya sauka daga wuyan wancan ya hau naka.

A shekarun da Dutse ta zama babban birnin jiha, kowace mota nan take dosa. Wata rana a tashar Kano aka ba Baba wani akwatin katako, aka ce na Inna Hansai ne, Dutse. Ya ɗora hannu ya karɓa. Ya zaga unguwar Takur da ke Dutse gida-gida, ya sa aka yi cigiya a masallatai, ya koma Kano bai sami direban da ya ba shi ba. Akwatin ya zauna a kusurwar ɗakinsa, ya kafa dokar kada a buɗe. A gaban akwatin nan na girma, ina yarinya nakan kanga kunne a jikinsa, ina jin kamar zai gaya mini inda mai shi take. Da shari'a ta zo Baba ya tambayi wani malami, aka ce tunda an yi cigiya an gaji ya sadakar. Baba ya ce shi ba tsintarsa ya yi ba, karɓa ya yi.

Yanzu Baba yana kwance a asibiti a Jahun, likita ya ce mu yawaita addu'a. Yakan manta sunan jikokinsa, amma duk wanda ya shigo sai ya tambaye shi, "An zo ɗaukar kayan Inna Hansai?"

Ni kuwa na kasa jurewa, na je gida na sa guduma na buɗe, Allah ya yafe mini. Keken ɗinki ne, sabo fil, ko tsatsa bai yi ba. A cikin 'yar durowarsa akwai wasiƙa da ajami daga ɗanta, a ƙasa ya rubuta Dutsen Alhaji. Ta wajen Abuja. A wani hannun aka yar da rabin sunan garin, Baba kuma bai tambaya wace Dutsen ba.

Mijin ƙawata da ke aiki can ya bi sawu, har ya haɗa ni da jikar Inna Hansai a waya. Ta ce Inna ta rasu tuntuni, ɗan ma haka. Ta ce kakarta ta yi ta zuwa bakin titi tana duba motoci, ɗan yana rantsuwa ya aiko, ita tana cewa ya mai da ita abin wasa a gaban maƙwabta. Har ta koma ga Allah gaisuwarsa da ƙyar take amsawa. Ta faɗa mini wannan a sanyaye, ba ta zagi kowa ba, da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da na gaya wa Umma, ta ce in shiga in ce masa masu kaya sun zo sun ɗauka suna sa albarka, ya tafi da zuciya fara. Yayana ya ce sam, a gaya masa komai ya nemi yafiyar magada da bakinsa tun yana da numfashi, ai haƙƙi ne. Umma ta ce so yake ya ƙarasa mata miji, shi ya ce so take a rufe shi da ƙarya. Tun shekaranjiya ba sa magana, kuma dukansu ni suke kallo, don ni kaɗai Baba yake ganewa yanzu.

Keken zan aika wa jikar, wannan na yanke. Abin da ya gagare ni shi ne Baba. In na faɗi gaskiya, zai san tambaya ɗaya da bai yi ba ta raba uwa da ɗanta. In na yi ƙarya, mutumin da bai taɓa leƙa kayan wani ba, shi zan yaudara a kan gadon ajali. Gobe da safe ni ce mai jinya, kuma na san da me zai tare ni. 'Yan uwa, in ya tambaya, me zan ce masa?