Man Shanu a Kofi na Sha Huɗu

Uwargida Oltmanns, don Allah ki ɗora ni a hanya. Kaina ya kulle, ga Asabar sai matsowa take yi.

Shekarata ashirin da shida ina alƙalancin gasar giya a lardinmu na bakin teku. Akan jera mana kofuna masu lamba, babu suna. Mu ɗaga su a haske mu ga ko ruwan ya yi garau, ko kumfar ta tsaya yatsa biyu, mu shinshina, sannan mu haɗiye, don ɗacin Pils, irin giyar da muke gwadawa, a maƙogwaro yake bayyana. Ban taɓa yi wa kowa alfarma ba, har ana ce mini mai harshen reza.

To, makon jiya a zagayen farko, ina kai kofi na sha huɗu hanci sai zauren ya ɓace mini. Na gan ni a ɗakin ƙasa inda mijina Hinnerk, wanda ya rasu shekara uku ke nan, yake dafa giyarsa. Ga sanyin bango, ga hazon safiya yana shigowa ta ƙaramar taga, ga shi da takalman roba yana rera waƙa da muryar nan tasa mai kama da ƙofar da ba a sa wa mai ba. Ƙamshin ɗanyar ciyawa, ɓawon burodi, sai can ƙasa-ƙasa ɗan man shanu. Kin dai sani, man shanu a Pils aibi ne, alamar an ɗebe ta yis bai gama aikinsa ba. Hinnerk kuwa ba ya da haƙuri ko na anini. Shekara talatin ina yi masa tsiya, shi kuma ya ce, "Kai, matar nan! Harshenki ya fi giyar ɗaci. Ki sha ki yi shiru." Ni kuwa in sha.

Ban san lokacin da hannuna ya rubuta cikakken maki ba. Da aka tattara takardu, Ortwin abokin alƙalancina ya dube ni ya ce, "Ke, mura kike yi ne? Ai wannan sai dai a shafa wa burodi!" Na yi yaƙe. Makina ne ya haye da kofin zuwa zagayen ƙarshe na ranar Asabar.

Na san mai giyar. Wiebke ce, 'yarmu, wadda ta gaji tukunyar ubanta da yis ɗinsa, har da gaggawarsa. Ba ta gaya mini ta shiga gasar ba. In na rage mata maki, ji nake kamar na sake binne Hinnerk. In na ƙara, na zubar da mutuncin harshena. Tun ranar nake zama bakin taga ina kallon jiragen ruwa suna shigewa cikin hazo. Ɗanɗanon bai bar bakina ba, kuma ba na so ya bari. Yaya zan yi?

Taki,
Rezar da ta Dakushe

'Yar'uwa, sannu da kewa.

Rezarki ba ta dakushe ba. Ta gano aibin, ta gano mai shi. Hannunki ne kawai ya bi zuciya, kuma ban ga laifin mace don ta so ƙamshin mijinta ba.

Amma ki tuna da sauran masu dafa giya da suka daure suka jira makonninsu cif. Ba su san Hinnerk ba, kuma bai kamata kewarki ta kayar da su ba. Kofin da kika san mai shi ya daina zama lamba. Gobe ki sami shugaban alƙalai ki faɗa masa komai, ki nemi a sake ɗanɗana kofi na sha huɗu ba da ke ba, ki janye daga zaman Asabar. Ortwin zai yi surutunsa kwana biyu ya gaji.

Sannan ki je wurin Wiebke tun ba ta ji a bakin wani ba. Ina zaton ta ɓoye miki ne don hukuncin alƙali take so, ba na uwa ba. To ki ba ta shi: ta ƙara wa giyar mako guda. Za ta tayar da jijiyar wuya, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ki bar ta ta huce.

In ta huce, ki roƙe ta abu ɗaya. Kowace shekara ta ɗebe miki ƙaramar ganga da wuri, yadda ubanta yake yi. Wannan ba ta gasa ba ce, ba mai ba ta maki.

Ina yi muku fatan alheri, ke da ita. Ranar da ta zuba miki kuwa, ki sha ki yi shiru.