La'adar gidan da ni da kaina na sayar ina cikin takaba

Zuwa ga Alhaji, manajan kamfanin dillancin gidaje da allon tallansa ya wuni ya kwana a ƙofar gidana a Ardwick.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya da iyali, na zaɓi in rubuto maka a gaban jama'armu ta Manchester da Birmingham, tunda a gabansu ka miƙo min katinka ranar sadakar ukun mijina, kana sharar ƙwalla.

Ka san halin da nake ciki. Malam ya rasu ya bar bashin gida, albashina na aikin kula da tsofaffi ba ya kai, banki kuma ba ya zuwa ta'aziyya. Ko in sayar da gidan cikin mutunci, ko su karɓe. Ƙanena Sani ya sayar da nasa a unguwar Sparkhill da ke Birmingham ta hannun dillalan intanet, masu karɓar kuɗi tsayayye tun farko. Fam ɗari tara ya biya, suka ɗauki hoto suka saka talla, suka ce sauran aikinsa ne. Ba su yi masa ƙarya ba. Ya ce in bi sahunsa, na ƙi, saboda ina takaba, ba zan riƙa zagayawa da baƙin maza ɗaki-ɗaki ba. Kai ka ce shi ya sa ake biyanku kaso cikin ɗari: ku ne nunawa, ku ne ciniki, ni in zauna a ɗakina da carbina.

Na ɗaya, nunawar. Sau ɗaya ma'aikacinka ya zo. Daga nan sai saƙon waya, wai ya maƙale a hanya, in taimaka in buɗe. Ni ce na hau bene da wani ƙato da ya zo duba gidan, ina nuna masa injin ɗumama ruwa, ina jan hijabi, kayan Malam na rataye a bayan ƙofa. Da ya fita na zauna a kan matakala na yi kuka, kuma ba na Malam ba ne, na takaicinka ne.

Na biyu, shawararku ta ƙwararru. Abin da na samu shi ne in sauke ayoyin da ke bango, in daina turaren wuta, kada in kaɗa miyar kuka ranar da za a zo duba gidan. Kai da ka yi lomar tuwo a falon nan har kana neman ƙari!

Na uku, mai saye. Maƙwabciyata Maman Rifkatu, mutuniyar Jos, ita ta ga halin da nake ciki ta yi cigiya a cocinsu. Ta kawo wasu ma'aurata, ta zagaya da su da kanta, ta tsaya aka daidaita farashi. Ko shayi ba ta yarda ta sha ba. Sai ga takardarku, wai fam dubu huɗu da ɗari uku da ashirin har da haraji, domin yarjejeniya ta ce ko wa ya kawo mai saye, la'ada taku ce. Lallai wannan layin kam kun iya karanta shi. Sani ya yi wahala ya biya kuɗin wahala. Ni na yi irin wahalarsa, kana neman kusan ninki biyar, daga kuɗin da zan kama wa marayu wurin zama kusa da kawunsu Sani.

Buƙatuna biyu ne. Ka rage la'adar ta dawo daidai da abin da masu hoto da talla ke karɓa, don iyakar abin da kuka yi ke nan. Sannan ka daina raba kati a gidan mutuwa.

Allonku kuma iska ta kayar da shi, na jingine shi a bayan gida. Ku aiko a ɗauka da girmamawa, domin duk kamfaninku shi kaɗai ya tsaya a bakin aiki.

Allah ya shirye ka, ya sa ranar da iyalinka za su shiga takaba su haɗu da dillalin da ya fi ka tsoron Allah.

Wassalam.

Hajiya Binta, Ardwick, Manchester